Daɓen da Takarda Ta Kira Bola

A bayan gidajen ma'aikatan masaƙa na Kakuri, inda layin ya ƙare kafin a kai babban lambatu, akwai wani fili da mata suka daɓe da hannunsu. Ba wani babba ba ne, daidai filin ƙwallon raga ne da ɗan abin da ya rage a gefe. Amma duk baƙon da ya taka shi sai ya sunkuya ya shafa. Ja ne wur, sumul kamar bayan tulu, ga sanyi a tafin ƙafa ko da rana ta take.

Shekara bakwai ke nan da fara shi. A lokacin Judith tana aji huɗu a sakandare, kullum sai ta dawo gida da gwiwoyi a ɗaye saboda wasa a kan tsakuwa. Uwarta, Mama Rhoda, mai tuyar ƙosai a ƙofar masaƙa, ta kai kuka wurin ƙawarta Inna Kulu, wata dattijuwa 'yar Makera mai sayar da daddawa.

Inna Kulu ta ce, "To ku daɓe musu mana. Mu a garinmu ko akurki ba ma bari haka."

Ita ta koya musu. A zuba marmara da jar ƙasa, a yayyafa ruwa kaɗan, mata su jeru a durƙushe kowacce da madaɓinta na itace, a yi ta duka ana waƙa har ƙasa ta rufe bakinta. Bayan kwana uku a kawo ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa har ya yi baƙi, a shafe, a sake duka. Makuba ita ke sa daɓe ya yi ƙarfi da sheƙi. Duk shekara in ɗorawa ta nuna, Inna Kulu kan sayo ɓawon daga ƙauyen Kakau ta adana, in damina ta ɗauke a yi gayya a sabunta filin.

Yanzu Judith ta gama kwalejin malamai, ta karanta motsa jiki, ita ce kocin 'yan mata goma sha biyu na unguwar. Dogayen gora biyu ne turakunsu, ragarsu kuwa da zaren da masaƙa ta zubar aka saƙa ta. In sun haye gada sun je gasa cikin gari, 'yan can sukan ce, "Ga 'yan tsakar gida sun iso." Judith takan bar 'yan matanta su lallasa su, ta tattara su su dawo. Amma maganar tana cin ta. Ita da ta fi kowa maki a ajinsu, a ce har yau da gora take koyarwa? Abu uku kawai take so: turakun ƙarfe, raga ta gaske, da famfo. Kuma tana so kafin Janairu, watan da za a zaɓi 'yan wasan jiha.

A shekarar ne soja suka koma bariki. Wilfred, wanda a da shi ke duba katin ma'aikata a ƙofar masaƙa, yana cin ƙosan Mama Rhoda da safe, ya wayi gari kansila. Ya sayi babbar riga, ya koma Honorabul. Shi ya aiko a kira Judith, ya ce ƙaramar hukuma ta ware kuɗi don filayen wasa na unguwanni, ta rubuto takarda.

Ta rubuta shafi biyu. Ta ba da labarin daɓen, da gayyar uwaye, da kofunan da suka ciyo. Wilfred ya karanta yana kaɗa ƙafa, ya fashe da dariya.

"Kai, Koci! Wannan Turanci, ko Bature sai ya nemi ƙamus. Amma ƙanwata, kin yi aikin banza."

"Me na bari?"

"Ba ki bar komai ba, shi ne matsalar. Kin ce kuna da fili mai kyau, kuna cin kofi. To me za a ba ku? Gwamnati ba ta ciyar da ƙosasshe. Ki rubuta babu komai a wurin. Bola ce, ciyawa da macizai. Iyayen yaran talakawa ne jahilai, ba su san yadda za su taimaka ba. Ki sa Ciyaman ya yi hawaye."

"Honorabul, ƙarya ke nan."

"A ofis ba ƙarya ake kiranta ba, bayanin buƙata ake cewa. 'Yan unguwar Narayi sun riga sun kai tasu. In ba kya so, shi ke nan."

Judith ta tsaya da biro a hannu. Ta lissafa matan da suka durƙusa a filin nan, babu mai karanta Turanci a cikinsu. Takarda kuwa fayil za ta shiga ta yi barci. Wa zai gani? Ta karɓi sabuwar takarda. Kuma tunda ita ba ta iya aikin rabi da rabi ba, sai ta ƙawata ƙaryar. Ta sa ƙudaje, ta sa wari, ta sa fasassun kwalabe. Ta rattaba hannu da babban sunanta.

Ba a kawo turaku ba. Gireda aka kawo, motar nan mai kankare ƙasa.

Wata Talata ce a watan Oktoba, da hantsi, ba sanarwa. Saura kwana huɗu gayya, makubar shekarar duka tana jiƙe a duro uku a bakin filin. Judith tana makarantar da take koyarwa aka zo aka faɗa mata. Ko da ta iso da gudu, daɓen shekara bakwai ya zama ɓaraguzai, an ture shi gefe kamar fasassun tukwane. Durorin sun kife, baƙin ruwan yana gangarawa lambatu. Mata sun fito sun yi cirko-cirko. Inna Kulu ta tsuguna ta ɗauki ɓallen daɓe, ta juya shi. Ana ganin shekarun a jikinsa, sahu bakwai, ɗaya bisa ɗaya.

Judith ta tare ɗan kwangilar. "Wa ya ce ku fasa? Turaku na nema!"

Ya dube ta daga sama har ƙasa. "Hajiya ko Madam, ni takarda aka ba ni. An ce a share bola a zuba siminti."

Mama Rhoda ta ce, "Wace bola?"

Judith ta yi saurin cewa, "Kuskuren ofis ne, Mama. Amma siminti za su zuba, irin na cikin gari. Zai fi."

A kwana biyu aka zuba shi, yashi ya fi siminti yawa, kaurinsa bai kai yatsa biyu ba. Ba wanda ya dawo ya ba shi ruwa. Inna Kulu ta leƙa ta ce, "Ko daɓe ana shayar da shi. Wannan marayan zai tsage." Kafin mako ya tsattsage, fuskarsa ta yi kaushi kamar magogin rogo. Aka shafa masa koren fenti. Abin da aka yi da ƙarfi a aikin nan biyu ne: katangar waya mai ƙofar ƙarfe, da allo mai ɗauke da sunan Ciyaman da na Wilfred.

Ranar buɗewa aka kafa rumfuna, aka kawo makaɗa da lasifika. Uwaye suka haɗiye abin da ke ransu suka yi anko, don ko ba komai 'ya'yansu za su yi wasa a gaban manya. Mama Rhoda ta toya ƙosai cikin babban kwano ta aika rumfar baƙi. Ga turakun ƙarfe sun tsaya, ga sabuwar raga fara fat. Judith ta dube su, zuciyarta ta ɗan yi sanyi.

Sai mai gabatarwa ya ɗaga wata takarda.

"Ranka ya daɗe, Ciyaman, kafin ka yanke ƙyalle, bari jama'a su ji kukan da ka share. Wannan wasiƙar 'yar unguwar nan ce, Malama Judith. Kuma don kada a bar iyayenmu mata a baya, zan riƙa juya muku da Hausa. Mulkin farar hula ne, kowa sai ya ji!"

Judith ta nemi idon Wilfred, yana can yana yi wa Ciyaman raɗa.

Mai gabatarwar ya iya aikinsa. Yakan karanta jimla, ya tsaya, ya juya ta da ƙarfi. "Ta ce wurin nan bola ce! Ƙudaje da macizai! Ta ce tun da aka kafa unguwar nan babu hannun ɗan Adam da ya taɓa gyara shi! Ta ce iyayen yaran, Allah sarki, talakawa ne jahilai, ba su san yadda za su taimaki 'ya'yansu ba!"

Rumfar baƙi ta ɗauki tafi. Rumfar mata ta yi tsit. Ba wadda ta juyo ta dubi Judith, kuma da sun juyo da ya fi mata sauƙi. Wata daga baya ta ce, ba da ƙarfi ba, "Ashe macizai ne mu." Mama Rhoda ta warware ɗankwalin ankon ta naɗe shi a cinya, ta zauna da kai a buɗe.

Aka busa usur, 'yan mata suka shiga. Judith ta tara su ta ce, "Kada kowa ta faɗi ƙasa. Ƙwallon da ya yi nisa a bar shi." Suka gyaɗa kai. Amma abin da jiki ya koya a shekara biyar ba ya fita da magana ɗaya. Hafsat, jikar Inna Kulu, ita ce gwanar tare ƙwallo. A kan daɓe ta saba ta yi sufa ta zame da ƙirji kamar kifi, ta tashi tana dariya. Ƙwallo ya taho ƙasa-ƙasa, ga Ciyaman yana kallo, Hafsat ta yi sufa.

Siminti bai zame da ita ba, riƙe ta ya yi. Ya ɗaye mata fata daga tafin hannu har gwiwar hannu, gwiwar ƙafarta ta daki bakin wata tsaga da fenti ya rufe. Judith ta ji ƙarar daga inda take tsaye.

Ciyaman ya miƙe yana tafi. "Haka ake so! Ku ga kishin ƙasa!" Ya duba agogo, aka buɗe masa mota. Motoci shida suka bar wurin a jere, babu wadda ta ɗauki Hafsat. A kan acaɓa aka kai ta asibiti, Judith na riƙe da ita ta baya, jini na ɗiga a siket ɗinta. Likita ya ce ƙoƙon gwiwar ya fashe. Za ta yi tafiya, tsalle kam sai dai a mafarki.

Da Judith ta dawo da yamma, an kwashe rumfuna, an cire ragar, ƙofar ƙarfen na ɗauke da ƙaton kwaɗo.

Makullin yana hannun surukin Wilfred. Ran Asabar aka ba da hayar filin ga masu biki, turakun suka zama abin ɗaure rumfa. Ranakun aiki kuwa bas-bas ɗin surukin ke kwana a ciki, ana wanke su da safe. Famfon da Judith ta roƙa an kawo shi, nasu ne.

Sau biyar ta je sakateriya kafin jami'in wasanni ya yarda ya gan ta. Yana ɓare gyaɗa yana saurare. Ta ce filin nasu ne, uwayensu suka yi shi, shekara bakwai suna wasa a kai, ga zaɓen jiha ya matso.

Ya jawo fayil ya buɗe ba tare da ya goge hannu ba. "Sa hannun wane ne wannan?"

"Nawa ne."

"Kin ce babu komai a wurin. Gwamnati ta zo ta sa komai. To komai ɗin na wa ke nan?"

"Akwai fili a wurin, Yallaɓai. Kowa ya sani."

"Au, da akwai?" Ya jefa gyaɗa a baki. "Ƙarya kika yi wa gwamnati ke nan har ta fitar da kuɗin jama'a. Wannan ba maganata ba ce, maganar 'yan sanda ce. Ki zaɓa, Malama. Da akwai, ko babu?"

Judith ta daɗe tana kallon tabon man gyaɗa a kan sunanta. Ta miƙe ta fita ba sallama, kanta a sama, har ta kai titi.

A unguwa ba mai zaginta, gaisuwa kawai aka daina. In ta wuce, sai wata ta ce wa 'yarta, "Matsa wa mai ilimi." Uwaye bakwai suka janye 'ya'yansu. A gida Mama Rhoda ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Tana wanke wake wata rana ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Shekara goma sha biyar ina shan hayaƙi don ki koyi Turanci. Ban san da shi za ki zage ni ba."

"Mama, don yaran na yi."

"Na ji. Je ki faɗa wa gwiwar Hafsat."

Daga ƙarshen layin, a bakin lambatu, akwai bola ta gaske. Ƙudaje, wari, fasassun kwalabe, duk abin da Judith ta rubuta yana nan. Ba wanda ke son wurin, shi ya sa ta zaɓe shi. Ta ari shebur da baro. Mako biyu tana kwashe shara bayan an tashi makaranta, 'yan mata huɗun da suka rage suna taya ta in sun samu sulalewa. Ta kashe maciji ɗaya. Ta ɗebo marmara da ɓaraguzan tsohon daɓen da gireda ta ture, ta farfasa ta shimfiɗa. Ta ɗauko madaɓin uwarta daga bayan ƙofa, ba ta tambaya ba, ba a hana ta ba.

Sai ta gane cewa shekara bakwai tana wasa a kan daɓe, ba ta taɓa riƙe madaɓi ba. Ranar gayya ita takan tsaya da igiya da farin toka tana auna layi, tana ba da umarni. Yanzu ta durƙusa ita kaɗai, ba waƙa, ba sahu. Hannunta ya yi bororo, bororon ya fashe, ya sake yin wani. Mata kan wuce da tallansu su rage tafiya.

"Sannu da aiki, Malama. Da Turanci ake dukan, ko da Hausa?"

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba.

A rana ta tara ta ga inuwa a gabanta. Inna Kulu ce, da kwanon daddawa a ka. Ba ta yi sallama ba. Ta taka daɓen, ta danna diddige, ƙasar ta lotsa.

"Kin cika ruwa. Laka kike duka. Fasa, ki sake."

"Duka, Inna?"

"Duka."

Judith ta ce, "Yaya Hafsat?"

"Tana koyon tafiya da sanda, tana da shekara goma sha shida. Kada ki ƙara kiran sunanta a gabana." Ta sauke kwanon ta zauna a kan wani dutse. "Ba don ke na tsaya ba. Ba na iya ganin ana wulaƙanta ƙasa ne. Yayyafi ake yi da yatsu, ba kwarara ba. Kuma ki daina duka da fushi, ƙasa ba ta jin tsoron kowa."

"Zan gama kafin Janairu?"

Inna Kulu ta yi wata gajeriyar dariya. "Da wace makubar? Ta bana tana cikin lambatu, kina kallo ta tafi. Ɗorawa ba ta nuna sai bazara. In babu makuba, tsalle goma zai mai da shi gari. Ba ki karanta wannan ba a kwaleji?"

Judith ta ƙirga watannin a ranta. Janairu ya tafi ke nan. Vicky, babbar cikin huɗun da suka rage, bana ce shekararta ta ƙarshe a rukunin matasa. Ta kalli hannayenta, ta kalli aikin kwana tara. Sannan ta ɗauki shebur ta fara fasawa.

Ranar zaɓen 'yan wasan jiha ta zo ta wuce. Ba a je da kowa daga Kakuri ba. Vicky ta shiga koyon ɗinki, saura uku. Inna Kulu kan zo wani lokaci ta zauna a kan dutsenta ta yi gyara da baki, ba ta taɓa madaɓi ba. Mama Rhoda ba ta taɓa zuwa ba. Sai dai wata safiya Judith ta tarar an naɗe mariƙin madaɓin da tsumma mai laushi, mai ƙanshin man ƙosai. Ba wadda ta yi maganar a cikinsu.

Judith tana durƙushe da la'asar wata mota ta tsaya a bakin lambatu. Wilfred ya sauke gilashi. Daga can filin gwamnati ana jin kiɗan biki.

"Koci! Kai, kin gyara wurin nan fa. Ban san yana da faɗi haka ba." Ya bi filin da ido, yana aunawa. "In kin gama ki rubuto mana. Akwai kasafin baɗi."

Judith ta miƙe a hankali, gwiwoyinta jajaye da ƙasa, madaɓin a hannunta.

"Honorabul, ranar da za ku zo, ku taho da gireda biyu. Ɗaya ta ƙasar, ɗaya tawa, don a kwance za ku same ni a kai."

Ya yi dariya, ya ce yana son mace mai zuciya, ya ɗaga gilashi.

Inna Kulu ta bi motar da kallo har ta sha kwana. "Zai dawo," in ji ta.

"Na sani."

"To me kike tsaye yi? Gefen can ya bushe."

Judith ta tsoma yatsu a bokiti, ta yayyafa, ta durƙusa. Saura wata biyu ɗorawa ta nuna.